Talla a Kan Ƙahon Begila

Bas na tsaye a cunkoso direba ya ƙara muryar rediyo, sai Begila ya ji ƙahonsa. Nasa ne, ba tantama. Gangunan na'ura na dukan ƙirji daga ƙasa, ƙahon yana hawa kansu a hankali, salon kiɗan jaz ne da fank yadda ya shekara yana haɗawa. Bai gama murmushi ba wata murya ta faɗo a kai:

"Basir! Ina mai basir, ina mai tsiro? Ga sahihin magani ya iso!"

"Direba, tsaya in sauka!"

"Baba, ai a tsaye muke."

Ya sauka ko kallon masu dariya bai yi ba. Tun yana cikin 'yan badujalar 'yan sanda ake ce masa Begila. Ya busa wa manya sun yi fareti, ya busa wa gawa, har ya yi ritaya bai taɓa busa abin da ransa ke so ba sai a wannan faifan da ya naɗa. Kuma daga shi babu wani, domin likita ya ce in ya ƙara cika kumatu da iska, idon da ya rage masa ma zai tafi. Abu ɗaya ya roƙa da ya kai faifan gidan rediyo: a sa kiɗan farko ko sau ɗaya ne, daga fari har ƙarshe, ba bakin kowa.

Shugabar shirye-shiryen gidan rediyon tana cin gyaɗa ya faɗa ofishinta ba sallama.

"Ni za a mayar tabarmar mai maganin basir?"

"Haba Baba, zauna mana. Kiɗan ne ya yi mana daɗi. Tunda ba waƙa a ciki, muka ga fili ne."

"Fili? Ƙahon da ke magana ba ki ji ba? Kunnen naki na ado ne?"

Ta dube shi, ta ga jijiyar wuyan tsoho ta miƙe. Ta karkaɗe hannu.

"To shi ke nan. Shiga ɗakin watsa shiri yanzu. Aku zai yi maka tambaya ɗaya, ka gaisa da jama'a, sai a saki kiɗan. Ba mai tari a kai."

Ya kira matarsa ya ce ta kunna rediyo, ta kira maƙwabta.

Aku shi ne mai shirin, kuma shi ne mai muryar basir ɗin nan. Ya miƙo masa abin sawa a kunne, Begila ya ture.

"Ba na son jin muryarka kusa da ni."

Jar fitila ta kama. Aku ya washe baki. "Masu sauraro, yau ga mai ƙaho da kansa. Baba, ya ka ji da kiɗanka ya karaɗe gari?"

Da ma wata tambayar ya yi masa. Begila ya jawo makirufo ya fara da basir. Daga nan ya gangara kan masu rediyo da ba su san shiru ba, da masu biki da ke sa mutum ya yi ta busa suna cin shinkafa, da ofisoshin da suka sa shi tsayuwar rana har leɓensa ya fashe. Haushin shekaru ne, kuma wallahi yana da gaskiya. Ta bayan gilashi mai kula da inji ya ɗaga hannu, ya ɗora yatsa a baki.

"Ga shi nan!" in ji Begila. "Wai in yi shiru! Yau ba mai rufe min baki!"

Aku ma ya nuna masa kunne, ya haɗa hannu yana roƙo. Begila ya ƙara murya har da dukan tebur. Sai da ya amayar da komai, fitila ta mutu, aka shiga labarai.

Ya fito baranda yana huci, zuciyarsa wasai. Yanzu sai su sa kiɗan, in sun isa su ƙi. Waya ta yi ƙara, matarsa ce.

"Malam, mun ji. Tsakar gida cike take."

"Na gaya musu ko ban gaya musu ba?"

"Ka gaya musu. Sun fa sa kiɗan. Kana gama maganar basir suka sake shi, har ƙarshe."

Begila ya dafa bango.

"Wurin nan da ganguna ke ɗaukewa, ƙaho ya rage shi kaɗai, kin ji shi?"

"Na kara kunne sosai, Malam. Lokacin kana kan masu shinkafa."