Kiran Takwas da Rabi

"Wallahi da ni ce alƙali, ɗaurin rai da rai zan yi masa," in ji Auta, tana nuna mana labarin wani mutum a fuskar wayarta. "Wai ya manta. Jariri fa, ba leda ba. Ya kulle mota ya shige ofis tun safe har azahar."

Muna ɗakin Inna maƙwabciyarmu, mako na uku ke nan da kwanciyarta. Auta, 'yata ta ƙarshe, tana bakin gado da ɗanta ɗan wata biyar a cinya. Ni kuma ina kan kujerar roba kusa da ƙofa, ina ɓare lemon da babu mai sha. Inna ta juyo da kanta a kan matashi ta dube ni. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Wuƙar ta zame ta yanke ni a babban yatsa, ni da na yi shekara talatin da ɗaya a kan injin yankan takarda a maɗaba'a ko ƙwarzane ban taɓa yi ba.

"Baba, tsufa ya zo," Auta ta ce tana dariya, ta miƙo mini tsumma.

Ɗakin nan da Inna take jinya a ciki, da can shi ne ɗakin raino. Rabin 'ya'yan layinmu a nan suka koyi rarrafe. Na san shi da katifu shida a jere a ƙasa, da ƙusoshi a bango inda ake rataya jakunkunan yara, da warin hoda da dafaffen ruwa. A saman kabad akwai wata baƙar tarho mai lambobin juyawa, wadda ta fi kujerun gidan gaba ɗaya tsada. Inna tana da doka guda: duk yaron da bai iso ba zuwa takwas da rabi, sai ta buga wa iyayensa a wurin aiki. Ko an gaya mata jiya cewa ba zai zo ba, sai ta buga. Mutane suka yi mita har suka gaji, daga baya suka laƙaba mata suna Takwas-da-rabi. Ta ji, ta ce sunan ya yi mata daɗi.

Ta daina raino shekara goma da suka wuce, amma ba ta daina kira ba. Tun da Auta ta koma aiki a kantin magani, take kai ɗanta gidan raino a motarta, kullum safiya sai Inna ta neme ta da 'yar wayarta mai maɓallai.

"Kin sauke mini mijina?"

"Na sauke shi, Inna. Ni fa ba yarinya ba ce."

Ranar nan, da Auta ta saɓa ɗanta ta tafi, Inna ta ce in tura ƙofa.

"Baban Auta, matso. Muryata ba ta kai wa can."

Na jawo kujera.

"Ka ji abin da ta ce?"

"Na ji, Inna. Ƙuruciya ce."

"Ba ƙuruciya ba ce, rashin sani ne, kuma kai ka hana ta sani." Ta tsaya ta mayar da numfashi. "Shekara ashirin da bakwai ina riƙe maka ajiya. Ni ba zan shiga ƙasa da kayan wani ba. Zo ka karɓi abinka."

Ajiyar kuwa ga ta. Auta tana da wata bakwai a lokacin. Kullum uwarta ce ke miƙa ta gidan Inna da ƙafa kafin ta wuce makarantar da take koyarwa. Wata Talata aka tura ta taron malamai na kwana biyu a wani gari. Na kai ta tasha da sassafe, Auta na barci a kwandonta a kujerar baya. Aka yi da ni in dawo layinmu in miƙa ta ga Inna, sannan in tafi aiki. To daga tasha zuwa maɗaba'a hanya ce miƙaƙƙiya, kuma kaina cike yake da wasu littattafai dubu huɗu da za a yanke wa baki kafin yamma. Ban san lokacin da na wuce kwanar gida ba. Na ajiye mota jikin katanga, na ɗaga gilasai, na kulle, har na ja murfin in tabbatar ya kullu, don ni mutum ne mai tsantseni.

Ina cikin daidaita wuƙar inji, manaja ya leƙo ya ce ana nemana a waya.

"Ina 'yata?" in ji Inna.

"Ai tana wurinki," na ce, har da ɗan fushi.

Ta yi shiru. A cikin shirun nan na tuna.

Ban san yadda na tsallake tarin takardun da ke bakin ƙofa ba. Rana ko hantsi ba ta kai ba, amma da na buɗe motar wani huci ya buge ni a fuska. Inna ta iso a tasi, mayafi a karkace, ta same ni a bakin famfo ina jiƙa yarinya da rigata. Ta karɓe ta muka wuce asibiti. Likita ya ce da an ƙara sa'a guda, da wani zancen ake yi. Da yamma aka sallame mu.

A hanyar dawowa na fara roƙonta. Ta katse ni.

"Ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba. Ba za a ji a bakina ba. Ranar da ka shirya, ka faɗa da naka."

Ban taɓa shiryawa ba. Uwar yarana ta rasu shekara shida da suka wuce, tana yi mini kallon mutumin da ba ya ko ɓatar da makulli.

"Inna, me tone-tone zai amfana yanzu?" na ce. "Yarinya ta rayu, ta yi aure, ta haihu."

"Ta haihu, shi ne maganar. Tana ganin sai sakarai ke mantawa, kuma wanda ya ga ya fi ƙarfin mantuwa ba ya waiwayen kujerar baya. Na ce ta riƙa ajiye jakarta kusa da yaron, ta yi dariya. Na ce ta sa masu rainon su riƙa kiranta in ba ta iso ba, ta ce za su ɗauke ta mahaukaciya. In na tafi, wa zai kira?"

"Ni zan kira."

"Ta yi maka dariyar da take yi mini. Ba za ta ji ba sai daga bakin wanda ba ta taɓa ganin ya yi kuskure ba."

Na ce to. Amma tsoro nake ji, kuma ba tsoron zagi ba. Duk Asabar Auta takan kawo mini yaron ta bar shi a hannuna ta tafi kasuwa, ko waiwaye ba ta yi, tana cewa duk duniya babu inda hankalinta ke kwanciya kamar wurin Baba. Tun da na yi ritaya, Asabar ɗin nan ita ce mako na gaba ɗaya. Ina tsoron ranar da za ta dube ni ta ƙara ƙanƙame ɗanta.

Sau biyu na yunƙura. Na farko na buɗe baki na ƙare da tambayarta ko ta canza man mota. Na biyu na ce mata akwai magana, ta ce, "Baba, ko aure za ka ƙara?" Muka yi dariya, maganar ta bi ruwa. Kullum na shiga gaida Inna sai ta ɗaga gira, ni kuma in sunkuyar da kai kamar ɗan makarantar da bai yi aikin gida ba. A kwanakin ƙarshe ko girar ta daina ɗagawa.

Ta rasu ranar Alhamis da hantsi. 'Yar ƙanwarta da ke jinyarta ta ce ta sha rabin kofin shayi, ta sa a buɗe mata taga don ta ji hayaniyar 'yan makaranta, sannan ta juya ta fuskanci bango. Ban cika mata alkawari tana raye ba, kuma wannan zai bi ni har nawa kabarin.

Kwana uku layinmu bai rabu da motoci ba. Yaran da ta raina suka zo, wasu da furfura a gemu. Wani ƙaton direban tirela ya tsaya a ɗakin yana shafa ƙusa ta uku a bango, ya ce nan ake rataya jakarsa, sai ya fashe da kuka. Wata ma'aikaciyar jinya ta ba da labarin yadda Inna ta taɓa sa aka fito da babanta daga taro don kawai ta ji dalilin da ya sa ba a kawo ta ba. Kowa ya yi dariya, ban da ni.

A rana ta uku da la'asar na raka Auta bakin motarta, ƙarƙashin bishiyar ƙofar gidana. Ta sa yaron a kujerarsa ta baya, ta ɗaure masa bel, idanunta a kumbure.

"Jiya da safe sai da na duba wayata," ta ce. "Na saba da fitinarta."

"Auta, mutumin nan da kika ce a ɗaure."

"Wane?"

"Na cikin wayarki. Wanda ya manta ɗansa." Na dafa motar. "Ni ma na yi. Ke ce a ciki."

Ta saki murfin da take riƙe da shi. Na faɗa mata duka, tun daga tasha har bakin famfo, ban rage wa kaina komai ba, har da jan murfin da na yi in tabbatar ya kullu. Ina magana ina kallon takalmana. Da na gama, wani mai keke ya wuce yana buga ƙararrawa, muka bi shi da ido kamar mun san shi.

"Mama ta sani?"

"Ba ta sani ba."

Ta jingina da jikin motar, ta dube ni.

"Na yi kuka?"

"A'a. Kin yi ja, gashinki ya jiƙe, kina kallona kawai. Da kin yi kuka da ya fi mini sauƙi."

Ta juya ta kalli ɗanta ta cikin gilashi. Ta sunkuya cikin motar, ta kwance bel ɗin da ta ɗaure yanzu, ta ciro shi ta rungume a ƙirji, har sai da ya yi ɗan ƙorafi. Na ce a raina shi ke nan, abin da nake gudu ya zo, kuma ni na saya da kuɗina.

"Ban yi mata godiya ba, Baba," ta ce, muryarta a dishe. "Kullum sai dai in ce mata ni ba yarinya ba ce."

Ta share fuska da bayan hannu.

"Riƙe mini shi. Bari in shiga ɗakinta in ɗan zauna."

Ta ɗora mini shi a kafaɗa, ta gyara masa wuyan riga, ta tsallaka zuwa gidan Inna ba ta waiwayo ba. Na tsaya a inuwa, murfin motar a buɗe. Yaron ya laluba ya kama kunnena da 'yan yatsunsa masu ɗumi, ya ci gaba da barcinsa.