Fallen da Ya Karkace

Tun da aka kawo ni gidan Genzo ina amarya, ɗaki ɗaya ya hana ni shiga, wato ɗakin aikinsa. Wai na cika surutu. To, ba ƙarya ya yi ba. Sana'arsa manna zinariya a jikin byobu, shamakin nan mai naɗewa da ake kafawa bayan ango da amarya, gadon ubansa da kakansa a nan Kyoto. Fallen zinariyar kuwa ko ɓawon albasa ya fi shi kauri, numfashi ɗaya sai ya tashi ya dunƙule. Komai zafi tagogi a rufe suke, ba fanka ba mafici. Ni sai in zauna bakin ƙofar takarda ina gyaran wake ina zuba, shi yana ciki kamar kurma.

Bana jikarmu Kanae ta zo da maganar aure. Ta ce, "Kaka, ni fa ba zan tsaya gaban shamakin haya ba. Naka nake so."

"Ji ja'ira! Sai yanzu kika san hanyar gidan nan?" in ji shi. Amma washegari ya riga kowa tashi.

Saura fuska ɗaya ta shamakin ya gama, tari ya kama shi, irin wanda ba ya sallama. Ina ji ta ƙofa: shiru, sai tari, sai tsaki. Ran nan ya fito da ƙurar zinariya har a gira, ya zauna, shayinsa ya huce bai taɓa ba. Tausayinsa ya kama ni sosai.

"Ki gaya wa yarinyar ta yi haya," ya ce.

"Haya? Ina raye? Miƙo hantsakin nan."

"Ke? Haba Tsuyako, ko a wurin makoki ba kya iya yin shiru."

"Kai kuma ko a gidan biki ba ka iya magana. Matsa, Maigida."

Muka shiga ɗakin, ya koya mini a kan guntun takarda yadda ake ɗaga falle da hantsakin gora, a riƙe numfashi, a sauke shi gefensa ya ɗan hau na kusa. Ya shafa gam da kansa, ya fita ya ja ƙofa, ya zauna a gurbina.

Tabɗi! Ashe shiru nauyi gare shi. Na ɓata falle, na sake ɓata wani. Na ajiye hantsakin na ce, "Ba zan iya ba, hannuna ya ƙi tsayawa."

"Ni ma haka nake in kin tafi kasuwa," ya ce ta bayan ƙofa. "Shi ya sa ba na taɓa zinariya sai kina nan kina zuba."

Duk shekarun nan ni na ɗauka damunsa nake yi. Kafin in ce uffan, sai na ji mutumin nan ya kama hira. Genzo! Ya yi zancen kyanwar maƙwabta, ya yi na mai awara da ke rage yanka, yana tari yana ci gaba. Hannuna kuwa ya nutsu, falle na bin falle. Ina kan na ƙarshe ya maƙale murya ya kwaikwaye ni: "Maigida, miyar nan sai ta yi ƙanƙara za ka sha?" Dariya ta ƙwace mini. Fallen ya zame ya zauna a karkace, gam kuwa ya riga ya kama.

Na fashe da kuka. Ya leƙo, baki rufe da hannun riga, ya daɗe yana kallo.

"A kankare a sake?" na ce.

"Bar shi."

Ranar biki shamakin ya haske zauren duka, fuskar Kanae har tana ɗaukar ido. Karkataccen fallen kuwa yana nan daidai saman kafaɗarta. Sai ga Tokuji, tsohon abokin sana'arsa, ya matso yana ƙanƙance ido.

"Genzo, tsufa ya zo ke nan? Ga wani can ya karkace."

"Ba hannuna ba ne," in ji Maigida. "Dariyar matata ce. Ita na ba jikata ta tafi da ita."