Kambun Gambo na Kagara

Tun ranar da Lukman ya kira ni ina kasuwar albasa ta Wurno na san abin nan ba zai ƙare lafiya ba. Ban dai san ta inda zai ɓullo ba.

Lukman shi ne babban ɗana. Shekararsa ashirin da biyar, yana gyaran waya a Sakkwato, yana kuma waƙa. Ban taɓa son waƙar ba, ban kuma iya hana shi ba. Bara ya shiga sutudiyo ya rera wata tsohuwar waƙar noma da kiɗan zamani, ta kuwa karɓu, har masu babur na Rabah suna sa ta. Sai masu shirya bikin karrama mawaƙa na shekara-shekara suka sa ta cikin jerin waɗanda za a zaɓa. Bikin nasu yana da rukuni-rukuni: na bege, na soyayya, na waƙar fim, na faɗakarwa. Ta Lukman tana rukunin waƙar gargajiya da aka sabunta.

Kunnena na hagu ba ya ji sosai, don haka kullum wayata a buɗe nake sa ta. Alhaji Isa, yayan matata Raihana, yana zaune kan buhu kusa da ni, yana jin komai.

"Baba, akwai takardar da suka ba ni in cika," in ji Lukman. "Suna tambayar wanda ya ƙirƙiri waƙar tun asali. In aka ci, kambu biyu suke bayarwa, ɗaya na wanda ya rera, ɗaya na mai waƙar ko iyalinsa. Ni dai a bakinka na ji ta, kana tsintar albasa. Ta wa ce?"

Na dubi Alhaji Isa. Yana ɓare goro, yana murmushi.

"Ban sani ba," na ce. "Tsohuwar waƙar gayya ce, kowa na yin ta."

"Ko garin da ta fito, Baba?"

"Na ce maka ban sani ba. Ka rubuta ba a sani ba."

Da na kashe wayar Alhaji Isa ya yi dariya. "Ni wanga yaro mamaki shike ba ni, Abdulƙadiri. Ina ya ɗauko wagga sana'a? Mu dai babu maroƙi a danginmu. Ko wajenku na?"

Na taya shi dariya. Na ce zamani ne.

Waƙar ta mahaifina ce. Sunansa Gambo, makaɗin noma ne a Kagara, ƙasar Goronyo. In za a yi gayya a gonar wani, shi ake kira ya rataya ganga ya bi bayan manoma, yana yi wa kowa nasa take har a kai bakin kunya. Manoma suna sonsa, amma ba sa ba ɗansa 'yarsu. Da aka sa ni firamare a Goronyo, ɗan maroƙi yara ke kirana, in na shigo aji su riƙa buga tebur. Aji shida na tsaya. Da mahaifina ya rasu ina da shekara goma sha tara, na bar gangar a ɗakin yayata Sadiya, na dawo Wurno na shiga noman rani. Da na je neman aure aka tambayi sana'ar ubana, na ce manomi ne. Ba ƙarya ce gaba ɗaya ba, yana da gonar gero. Na roƙi Yaya Sadiya kada ta ce komai, ita kuwa ta yi shiru shekara ashirin da bakwai.

Bakina ya iya ɓoyewa, hannuna ne bai iya ba. In ina tsintar albasa a rumfa, ban san lokacin da yatsuna ke buga kiɗan a jikin buhu ba, waƙar na fita a hankali. Haka Lukman ya ɗauke ta tun yana ƙarami.

Ranar Asabar aka yi bikin, bayan la'asar, a wani babban ɗakin taro a Sakkwato. Lukman ya aiko mana da kati biyu. Raihana ba ta da lafiyar ƙafa, sai Alhaji Isa ya ce shi zai kai ni a motarsa, ya ga inda ɗan ƙanwarsa ke ɓata lokaci. Gidan rediyo na watsa taron kai tsaye. Tun muna hanya nake addu'a, kuma ina jin kunyar faɗin abin da na roƙa: Allah ya sa wani ya ci.

An jima ana kiran rukunai. Wata yarinya ta ci na soyayya, ta yi kuka. Wani dattijo ya ci na bege. Da aka zo kan na gargajiya sai aka saki waƙoƙin huɗu ɗaya bayan ɗaya, ta Lukman ta zo ƙarshe.

Sunkuya ka ɗago, ɗan Halima,
gero na kallonka, ni ma ina kallo.

Ɗakin ya ɗauka. Alhaji Isa ya zungure ni da gwiwar hannu.

"Kai! Ashe kai ma ka iya? Dubi hannunka."

Yatsuna ne ke bugawa a kan gwiwata. Na tura hannun cikin aljihu.

Lukman ne ya ci. Ya hau dandamali da fararen kaya, aka miƙa masa kambu na katako mai farantin ƙarfe, da sunansa a rubuce. Sai mai gabatarwa ya ɗaga na biyu, irinsa sak, amma farantinsa babu rubutu.

"Jama'a, wannan na mai waƙar ne," ya ce. "A takarda an rubuta ba a san shi ba. Amma waƙa ba ta faɗowa daga sama, wani ya yi ta. In akwai wanda ya san shi a ɗakin nan, ko jikansa, ko maƙwabcinsa, ya tashi mu gan shi."

Babu wanda ya tashi. Lukman ya duba wajen da nake zaune, ba don yana zargin komai ba, murna kawai yake yi. Na ce a raina in ya sake tambaya zan tashi. Ya sake tambaya. Alhaji Isa ya raɗa mini cewa wataƙila mutumin ya mutu da bashin goro ne shi ya sa 'ya'yansa ke ɓuya. Ban tashi ba. Mai gabatarwa ya ce, "To, Allah ya ji ƙansa ko wane ne," ya mayar da kambun cikin kwali.

Ba mu fita harabar ba wayata ta yi ƙara. Na ga sunan Yaya Sadiya, na koma bayan wata mota na kara wayar a kunnen dama.

"Ƙadiri, kana cikin ɗakin?"

"Ina ciki, Yaya."

"Na ji a rediyo. Nis sa kunne, nic ce yanzu za ni ji muryar ƙanena. Mi ya riƙe ka?"

Na jingina da motar, ita kuwa ta ci gaba.

"Ko wane ne, in ji shi. Baba ne ko wane ne? To hwaɗa mini, ɗan Halima wa na? Inna ɗiya maza nawa ta haihwa?"

Ni kaɗai ne namijin da ta haifa. Shekarar da na fara riƙe garma a gayya ina da goma sha uku, na gaji na tsaya a tsakiyar kunya, manya suka wuce ni. Baba bai taɓa kiran sunana a cikin mutane ba. Sai ya dawo baya da gangarsa ya tsaya kaina, ya yi wannan waƙar nan take, har na kai ƙarshe. Lukman bai san sunan kakarsa ba, ta rasu kafin a haife shi, laƙabinta Ta-Boyekai kawai yake jin muna cewa.

Washegari ban je kasuwa ba. Na fara gaya wa Raihana. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Na sani tun ranar sunan Lukman," ta ce. "Wata tsohuwa daga Kagara ta gaya mini. Na zuba ido in ga ranar da za ka faɗa da bakinka."

"Alhaji fa?"

"Yaya Isa bai sani ba. Wannan kuma aikinka ne."

Na hau mota zuwa Goronyo, na ƙarasa Kagara a babur. Yaya Sadiya ba ta yi mini faɗa ba, ta ba ni fura, ta shiga ɗaki ta fito da gangar a naɗe cikin tsohon zane. Fatar gefe ɗaya ta tsage. Igiyar ratayawar tana nan, ta yi baƙi da gumin kafaɗarsa. Ta ajiye ta gabana ta ce in ɗauka, ta gaji da gadi.

Ranar Litinin na kai ta shagon Lukman. Ya rataye kambunsa a bango, sama da wayoyin mutane. Na jira masu gyara suka ragu, na kwance zanen, na gaya masa komai, har da ɗan Halima. Ina magana ina kallon ƙasa kamar ni ne ɗan.

Ya daɗe yana shafa igiyar.

"Baba, sau biyu mutumin nan ya tambaya."

"Sau biyu."

"Kuma ni ka sa na rubuta da hannuna cewa ba a san kakana ba."

"Ni na sa ka."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce zai rubuta wa masu bikin, amma dole in sa hannu a takardar, kuma in sun yarda za su sanar a rediyo da sunana da na garinmu. Ya ce in yi tunani, don kawu Isa zai ji, duk kasuwar albasa za ta ji. Na ce ya kawo biro. Na rubuta: Abdulƙadiri Gambo Mai Ganga, Kagara. Rabon da in rubuta sunan nan cikakke tun ina aji shida.

Ya karɓi takardar, ya raka ni bakin titi, ya tsayar mini da mota. Bai ce in gaida gida ba. Gangar tana wurinsa.

Alhaji Isa na gaya masa da kaina a kan buhun nan nasa. Ya ce, "Ikon Allah," ya tashi ya tafi duba motar da ake lodi. Muna gaisawa, amma ya daina zolayata, kuma na fi jin nauyin wannan.

Yau sati biyar ke nan. Masu bikin sun ce kwamiti zai zauna, don an riga an rufe littafin bana, kuma sai sun aika wani Kagara ya tambayi tsofaffi. Ban sani ba ko za su rubuta sunan Gambo a farantin nan ko zai zauna cikin kwali. Lukman yana kiran mahaifiyarsa duk Juma'a, ta ce ya kai gangar an sa mata sabuwar fata. Ni bai kira ni ba tukuna, kuma ban san ranar da zai kira ba.