Wa Zai Fara Sha?

A ɗakin gwajin nan, wanda ya haɗa matatar ruwa ba shi yake fara sha ba. Abokin aikinsa yake miƙa wa, domin wanda ya sha wahalar haɗa ta zai ce ruwan da daɗi ko da gishiri ne zalla.

Injiniyar ta yi shekaru tana fama da matatar da za ta cire gishiri daga ruwan rijiya ba tare da lantarki ba. Abokan aikinta sun watse ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshensu, wani tsoho da suke tsokana da Sarkin Ɗanɗano, ya rasu bara.

Yau da hantsi na'ura ta nuna ruwan ya fita fes. Ta cika kofi, ta juya za ta miƙa, sai ta ga kujerarsa wayam.

Ta kira ƙanwarta a waya.

"Yaya, ke da ruwan nan naki! Mu famfonmu ko ɗigo babu. Bari in kira ki anjima."

Ta ajiye kofin a teburin tsohon, ta rufe shi da takarda. Maƙogwaronta a bushe yake, amma ta zauna tana kallon ƙofa.