Muryar Sammani a Rabon Gado

Kwana arba'in da rasuwar Sammani aka zauna rabon gadonsa, a zauren gidansu da ke bayan babban kanal, tsakanin Kura da Bunkure. Matarsa Zuliha tana ɗaki tana takaba, amma gidan ɗan ƙarami ne, ko tari aka yi a zaure sai ta ji. Tana jin Malam Abdurra'uf, limamin unguwa, yana kiran kaya ɗaya bayan ɗaya: gonar noman rani, injin ban-ruwa, babur ɗin da marigayin ya yi hatsari da shi, buhunan shinkafa, har buta da darduma. Can sai ya ce, "Sai waya."

Zuliha ta miƙe tsaye.

Shekara tara suka yi tare, Allah bai ba su haihuwa ba, kuma kowa a gidan ya gama yanke hukunci cewa daga ita ne. Iya, mahaifiyar Sammani, ba saiwar da ba ta jiƙa mata ba. Bara waccan Sammani ya raka motar tumatir zuwa Ikko, ashe kafin tafiyar ya je asibiti a Kano shi kaɗai. Su biyun ba mai karatun boko, da baki suke aika saƙo ta Watsaf. To abin da ya kasa faɗa ido da ido, sai da ya yi nisa ya faɗa: "Zuliha, likita ya ce daga ni ne. Ki yafe min. Don girman Allah kada kowa ya ji, ko Iya." Ta yi masa alkawari. Tun daga ranar, duk maganar da ta fi ƙarfin baki a waya suke yinta, ko da yana gona tana gida. Ya yi kuka a ciki, ta lallashe shi, sun yi faɗa, sun shirya.

Tata wayar ta faɗa kanal wata guda kafin rasuwar, ranar da ta kai masa abinci, aka saya mata 'yar ƙarama mai madanni. Saboda haka duk duniya babu inda muryar Sammani ta rage sai a cikin tasa, wadda ke kashe a akwatin Malam tun ranar jana'iza. Ga shi wayar ko lambar sirri ba a sa mata ba. A gidan nan waya kamar buta ce, wanda ya buƙata ya ɗauka, ba ya ko tambaya.

Ta leƙo ta roƙi Iya ta isar mata da saƙo zaure, a sa wayar cikin rabonta. Ina! Suhaibu, ƙanin marigayin, ya ce sam. Lambobin dillalan tumatir suna ciki, kuma a nan ƙungiyar manoma ke sanar da ranar da za a sako ruwa, shi ne zai ci gaba da gonar. Maganarsa a kan hanya take, Malam ya amince. Amma Zuliha ta san inda wayar za ta ƙare: hannun Saude, matar Suhaibu, mai ƙure murya tana sauraren saƙon mutane tana tankaɗe. Kafin magariba ƙauyen nan kaf ya ji.

Ta koma ta zauna a kan tabarmarta. Tun da aka yi sadakar bakwai ƙafa ta ɗauke daga ɗakin nan. Da safe ta ji maza sun fita gona, da rana ta ji ƙarar injin ban-ruwa daga nesa, shi ke nan ranar ta wuce. Kaɗaici ya ishe ta, wallahi, kuma yau babu wanda za ta iya gaya wa abin da ke cin ta, don faɗar ma tona asirin ne.

Wajen azahar Latifa ta yi sallama. 'Yar Malam Abdurra'uf ce, tana karatun lauya a Kano, ta zo hutu ta shigo gaisuwa. Da suka gaisa, Zuliha ta ce, "Latifa, ku da kuka yi karatu, idan mutum ya gaji waya, ya gaji maganar da ke cikinta?"

Latifa ta dube ta, ba ta tambayi wace magana ba. Ta ce, "Yaya Zuliha, tsarin mulkin ƙasar nan ya kare sirrin maganar da mutum ya yi a waya. Akwai kuma sabuwar doka ta kare bayanan mutane. Gaskiya dai ban ga inda ta warware batun wayar mamaci ba, muna ta muhawara a kai a makaranta. Amma ke kina raye, kuma rabin maganar muryarki ce. Bari in ga Baba."

Zuliha tana jin su ta bayan labule. Suhaibu ya ɗaga murya: "To, Allah gafarta Malam, me ake ɓoyewa? Yayana ne fa."

Malam ya yi gyaran murya. "Suhaibu, ni ƙarfe na raba maka, ban raba maka hirar miji da mata ba. Ko a littattafanmu wannan amana ce. Yarinyar nan ta tuna min abin da ya kamata in tuna da kaina. A kai wa mai takaba wayar, da la'asar ka karɓa."

Latifa ta kawo wayar, gilashinta a tsage tun ranar hatsarin. Ta kunna, ta nuna wa Zuliha inda hirarsu take, da inda za ta danna idan tana son komai ya tafi. Saƙonnin sun fi a ƙirga, kuma maganar asibitin ta bazu ko'ina a cikinsu, ba za a iya tsince ta kafin la'asar ba. Latifa ta ce, "Ko guda ɗaya ne ki zaɓa, in tura wayata in ajiye miki. Ba zan saurara ba."

Zuliha ta girgiza kai. Ko a saƙon gaisuwa akwai sunan da yake kiranta da shi, wanda ko katangar ɗakin ba ta taɓa ji da ƙarfi ba. Ta ce, "Na gode, ƙanwata. Ba da kowa ya yi ba, da ni ya yi."

Latifa ta fita, ta ja mata ƙofa.

A nan fa zuciya ta fara raya mata abu, kuma ba za a ga laifinta ba. Idan ta miƙa wayar yadda take, ita ba ta faɗi komai ba, Saude ce za ta yi aikin. Iya za ta ji da kunnenta. Shekara tara na habaici da kallon tausayi za su wanke a yini ɗaya, har ta samu mai nema bayan takaba ba tare da ana raɗa ba. Ta so hakan, ta so ƙwarai.

Sai ta danna na ƙarshe, ta manna a kunne. Tsohon saƙo ne, na ranar da wayarta ta faɗa ruwa. Ana jin ƙarar inji da ruwa yana gudu a bayansa. Ya kira ta da sunan nan, ya ce, "An sako ruwa, ba zan samu dawowa ba. Ki taho min da abincin, ki sa yaji da yawa." Ya yi 'yar dariya, saƙon ya ƙare. Ta sake ji, ta kuma sakewa, tana kuka ba sauti, har ladan ya kira la'asar.

Ta danna inda Latifa ta nuna mata. Wurin ya koma wayam.

Iya ce ta shigo karɓa. Ta ga idanun Zuliha sun kumbura, tausayi ya kama ta, ta zauna a gefen tabarma ta dafa ta. "Ki yi haƙuri, 'yar nan. Ni ban riƙe ki ba, lalura ce, ba ke kika ɗora wa kanki ba. Da dai Allah ya sa kin haifa masa ko guda ɗaya ne, da yanzu kina da abin kallo ki tuna shi."

Zuliha ta goge tsagaggen gilashin da bakin mayafinta, ta miƙa mata da hannu biyu.

Ta ce, "Haka ne, Iya."