Kafaɗar Ɗayyabu

Malam Ummaru maɗori ne a Aliero. A hannun mahaifinsa ya koyi sana'ar, kuma har daga Maiyama ake kawo masa waɗanda mashin ya kayar. A wurinsa ciwon ƙashi hawa-hawa ne: akwai targaɗe, akwai gocewa, sai tsagewa, sannan karaya. Gocewa kam bai ɗauke ta a bakin komai ba.

Wata rana da hantsi aka shigo masa da Ɗayyabu, wani manomin albasa daga Sabiyal, hannunsa na dama yana reto, gumi ya jiƙa masa riga. Malam Ummaru ya laluba kafaɗar, ya sa aka riƙe shi, ya yi bisimilla ya ja hannun ya murɗa. Ƙashin ya koma gurbinsa, ƙas! Sai da ya gama naɗewa ya tambayi abin da ya faru. Masu rakiya suka yi ta kallon juna, kafin ɗayansu ya ce aikin Bashar ne.

Bashar ɗan Asabe ne, ƙanwar Malam Ummaru. Gonar Bashar na jikin ta Ɗayyabu a fadama. Tiyon injin ban ruwan Ɗayyabu ne ya fashe, ruwa ya kwashe wa Bashar albasar da bai daɗe da dasawa ba. Magana ta yi zafi, Bashar ya ɗaga ƙotar fartanya ya sauke wa Ɗayyabu a kafaɗa. 'Yan'uwan Ɗayyabu ba su jira dattawa ba, suka wuce wurin 'yan sanda, har zance ya kai kotun majistare a Jega.

Asabe ta zo masa ido jawur. "Yaya, cewa suka yi ya karya shi. An ce in karaya ta, ɗaurin mai tsawo na."

"Wace karaya? Ni nig gyara hannun. Gocewa ta kawai. Kwantar da hankalinki, ni da kaina zan tai in gaya ma alƙali."

Ba wanda ya kira shi, shi ya kai kansa shaida. Ranar zama ya saka babbar riga, ya yi rantsuwa, ya bayyana cewa ko tsagewa babu a ƙashin. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya miƙe a natse.

"Malam, ka tabbata ƙashin ya bar gurbinsa?"

"Ƙwarai kuwa. Ya hita sarai, can wajen hamata nis same shi. Amma nan take nim mai da shi."

Ɗan sandan ya ce ba shi da sauran tambaya. Malam Ummaru ya koma ya zauna, yana ganin ya gama fitar da yaron.

Da alƙali ya zo yanke hukunci, ya yi bayani da Hausa don kowa ya ji. Ya ce doka ta raba rauni gida biyu. Wanda ya jawo wa wani ciwo a jiki da gangan, ya yi masa rauni. Amma akwai waɗanda ta ware ta kira su mummunan rauni, kamar rasa ido ko ji, ko lalata gaɓa, ko ɓata fuska har abada, ko karaya ko gocewar ƙashi ko haƙori. Karaya da gocewa duk ɗaya suke a wurin doka, kuma shaida mafi ƙarfi a kan gocewar daga bakin kawun wanda ake ƙara ta fito.

Malam Ummaru ya ɗaga hannu. "Ranka shi daɗe, ai mutumen ga har ya koma gona."

"Na gani, Malam, Allah ya saka maka. Saurin warkewa aikin hannunka ne. Abin da ke gabana shi ne abin da hannun Bashar ya yi."

Ɗayyabu ya tashi ya ce shi dai ya yafe. Alƙali ya ce zai duba wannan, da kuma cewa Bashar bai taɓa laifi ba. Ya sassauta, ya ba shi 'yan watanni a gidan gyaran hali.

A motar komawa Aliero, Asabe na zaune kusa da Malam Ummaru har suka fita garin Jega. Ba tare da ta dube shi ba ta ce, "Da ka san haka dokar take, da ka ce masu targaɗe na?"

Ya dubi gonakin bakin hanya. "A'a, ba ni iya rantsuwa bisa ƙarya. Amma da na sani, da na zauna gida sai sun aiko."

Ta ja gyale ta rufe fuska. Da suka sauka ya raka ta har ƙofar gida, ya tambaye ta inda Bashar ke ajiye injinsa na ban ruwa, don ya kula masa da gonar, albasa ba ta jira a sako shi.