Takardar Jikin Kwalba

Dakta ake ce masa, ko da yake kantin magani kawai yake da shi. Ba abin da yake taƙama da shi irin firintarsa. Tun daga gida yake tura mata umarni ta waya, kafin ya buɗe kanti ta buga 'yan takardun da yake mannawa a jikin kwalba: sunan magani, ƙwaya nawa, sau nawa. Mai gyaran kwamfuta ya sha gaya masa cewa firintar a buɗe take ga duk wanda ke intanet, ya bari a rufe. Ina! Dakta ya ce wa zai ɓata lokacinsa a kan firinta?

Ranar nan da tsakar rana, yana tsaye shi kaɗai, sai firintar ta yi ƙara ta turo takarda ba wanda ya taɓa ta. Layi ɗaya ne: "Na canza adadin ƙwaya a ɗaya daga cikin takardun yau."

Shi da bai taɓa karanta abin da ta buga ba, mannawa kawai yake yi!

Ya kira mai gyara, ya karanta masa takardar.

"Cire wayarta daga bango yanzu," in ji mai gyara. "Daga nesa aka shigo. Wace takarda ce kuma, wallahi ban sani ba."

Ya fizge wayar firintar, ya shiga kiran duk wanda ya sayi magani tun safe. Tela ya karanto tasa, daidai. Malamar makaranta, daidai. Direba har da tsokana, wai yau Dakta ya fara duba marasa lafiya ta waya. Tsoro kuwa sai ƙaruwa yake, don kowa ya ce daidai.

Sai ya tuna da kwalbar da ba sayarwa ya yi ba. Maganin hawan jinin mahaifiyarsa, wanda ya aika gida da safe. Kullum sai ta tambaye shi nawa za ta sha, har ran nan ya ƙosa ya ce, "Inna, ki daina tambayata, ki bi takarda." Rabin ƙwaya take sha.

Wayar ta daɗe tana ringi kafin ta ɗauka.

"Inna, kin sha maganin?"

"Na sha tun ɗazu," ta ce, muryarta can ƙasa, a hankali. "Huɗu na gani a rubuce. Na so in kira ka, sai na ce kar in dame ka."